Tauraron ɗan'adam mai kallon ƙasa: me yake gani a Kano, me ya fi ƙarfinsa?

A shekarar 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da amincewarta a samar wa Najeriya sababbin taurarin ɗan'adam guda huɗu, uku masu kyamara, ɗaya mai rada. Tun daga nan tsohuwar tambaya ta dawo majalisun hira na Kano. A teburin mai shayi za ka ji an yi ta ba kwana-kwana: "To Malam, waɗanda aka harba a baya suna ina? In dai suna sama suna kallonmu, me ya hana a ga inda ɓarayin daji suke kwana?" Wani kuma damuwarsa daban ce, so yake ya ji ko abin nan yana leƙa masa tsakar gida.

Tambayoyin biyu uwarsu ɗaya, wato zaton cewa tauraron kamar kyamarar tsaro yake, irin wadda ake kafawa a ƙofar kanti tana kallon wuri guda dare da rana. Aikinsa ya sha bamban da haka. Abin da zai iya gani, da lokacin da zai gan shi, da tsawon jiran da za a yi kafin ya sake waiwayar wurin, duk hanyar da yake bi a sama ce ke yanke su.

Satalayit iri-iri ne

A bakin mutanen gari, satalayit shi ne mai kawo ƙwallon Turai da tashoshin Larabawa. Wannan na sadarwa ne, aikinsa ya karɓi saƙo daga ƙasa ya mayar da shi ƙasa. NigComSat-1R, wanda aka harba wa Najeriya daga ƙasar Sin a watan Disamba na 2011, a wannan sahun yake. Na GPS masu nuna wa direba hanya a waya suna can nisan kilomita 20,200, su ma ba sa ganin kowa, sigina kawai suke watsowa, wayar ce ke lissafa inda take. Na Starlink suna ƙasa-ƙasa, wajen kilomita 500, intanet suke kawowa. Wanda muke magana a kansa shi ne mai kallon ƙasa, mai ɗauke da kyamara ko rada, wanda akasari ke yawo tsakanin kilomita 500 zuwa 800.

Duk wanda aka taɓa ɗaura wa dish a gida ya ga darasin farko da idonsa. Mai ɗaurawa yana kan kwanon rufi yana juya dish ɗin kaɗan-kaɗan, yaro na ɗaki gaban talabijin yana ɗaga murya: "Bai kawo ba. Bai kawo ba. Ya kawo! Tsaya haka!" Sai a ɗaure noti, shi ke nan, shekara da shekaru ba a sake taɓawa sai in iskar damina ta gotar da shi. Dalili kuwa, tauraron da dish ɗin ke fuskanta yana nisan kilomita 35,786 daidai saman ikwaita, layin nan da ya raba duniya arewa da kudu. A wannan nisan, zagaye ɗaya yana cin kwana guda cur, daidai da juyawar duniya, don haka daga ƙasa sai a ga kamar a kafe yake. Kuma tun da Kano tana arewa da ikwaita da digiri 12, ba za ka ga dish na irin waɗannan tashoshin yana fuskantar arewa ba.

Nisa ke yanke gudu

Tauraro ba ya tafiya da inji kamar jirgin sama. Roka ce ke kai shi sama ta cilla shi gefe da gudu mai tsanani, daga nan ya zama kamar dutse a majajjawa: duniya tana jawo shi, gudunsa yana neman ficewa da shi, sai ya ɗore a kan kewaye. Wannan hanyar kewayen ita ce falakinsa. Kowane nisa da gudun da ya dace da shi, ba a ragewa ko ƙarawa yadda aka ga dama.

A nisan kilomita 700, gudun ya kai kimanin kilomita 7.5 a daƙiƙa, wato kusan kilomita 27,000 a sa'a. Tazarar da ta kai Kano zuwa Legas a miƙe, cikin minti biyu yake shafe ta. Yana gama zagaye duniya cikin minti 99, ya yi zagaye 14 da rabi a kwana. Babu yadda za a yi a ce masa ya dakata a saman Dajin Falgore ya sa ido. In ya tsaya, faɗowa zai yi.

To me zai hana a kai kyamarar can inda na talabijin suke, ta zauna tana kallon Najeriya kullum? Ana yin haka, amma don yanayi. Taurarin Meteosat na Turai, waɗanda hukumomin hasashen yanayi na Afirka ke amfani da hotunansu, a can suke, suna ɗauko Afirka baki ɗaya duk minti 10 zuwa 15. Sai dai nisan ya ninka na mai kallon ƙasa sau 50, don haka abin da suke rarrabewa da kilomita ake auna shi. Suna ganin hadarin da ya taso daga gabas ya nufo Kano, amma Kasuwar Kurmi gaba ɗayanta ɗigo ce a wurinsu.

Hanyar da ke bin agogon rana

Yawancin masu kallon ƙasa daga arewa zuwa kudu suke bi, su ratsa kusa da ƙuryar arewa ta duniya, su gangaro, su ratsa ƙuryar kudu, su haura ta ɗaya gefen. Suna wannan zagayen, duniya kuma tana juyawa gabas a ƙarƙashinsu, sai kowane zagaye ya faɗa kan sabon wuri. Da haka tauraro ɗaya yake iya gama duniya.

Akwai wata dabara a nan da ta cancanci a tsaya a kanta. Duniya ba mulmulalliya ce sosai ba, tana da ɗan tumbi a tsakiya: daga cibiyarta zuwa ikwaita ya ɗara daga cibiyarta zuwa ƙuryar arewa da kimanin kilomita 21. Wannan tumbin yana murɗa falakin tauraro a hankali. Injiniyoyi suka mayar da matsalar abin amfani. In aka karkata falakin da kimanin digiri 98 daga ikwaita a nisan kilomita 700 zuwa 800, murɗawar takan zo kusan digiri 1 a kullum, zagaye guda ke nan a shekara, daidai da tafiyar duniya a kewayen rana. Sakamakon shi ne tauraron yana ratsa kowane gari a lokaci iri ɗaya na yini, rani da damina.

Lokacin da aka fi zaɓa shi ne hantsi. Landsat na Amurka yana ƙetare ikwaita wajen ƙarfe 10 na safe a lissafin rana, Sentinel-2 na Tarayyar Turai kuma 10:30. Agogon Najeriya yana gaban ranar Kano da kusan rabin sa'a, shi ya sa rana ba ta take tsaka a nan sai wajen 12:30. Don haka a agogon hannu, tsakanin 10:30 da 11 suke wucewa ta kan birni. An zaɓi hantsi ne saboda haske ya wadata, inuwa ba ta yi tsawon da za ta rufe abubuwa ba, kuma a ƙasashe masu zafi gajimare ya fi haɗuwa bayan azahar. Amfani na biyu ya ma fi girma: in inuwar Dala a hoton bana ta faɗi kamar yadda ta faɗi a hoton irin wannan watan na bara, to duk bambancin da aka gani a ƙasa yake, ba sauyin haske ba ne.

Amma dabarar tana da kuɗinta. Irin wannan tauraron ba zai taɓa ganin Kano da la'asar ba. Yakan sake ratsawa da dare, yana haurawa arewa, lokacin da kyamara mai dogaro da hasken rana ba ta da abin ɗauka. Jadawalin kuma ba sirri ba ne, akwai manhajojin waya da ke nuna shi ga duk mai so.

Kaifin gani da faɗin gani

Hoton tauraro ƙwayoyi ne ƙanana masu kusurwa huɗu, kowace ƙwaya launi ɗaya take ɗauka. In aka ce kaifinsa mita 30 ne, ana nufin duk abin da ke cikin fili mai mita 30 tsawo da mita 30 faɗi an cakuɗa shi ya zama ƙwaya ɗaya: kwanon rufi, bishiyar darbejiya, kwata, akuya, duk launi guda. Filin gini mai ƙafa 100 da 50, wanda dillalai ke kira ɗari da hamsin, rabin ƙwaya ne a idon Landsat. Filin ƙwallo na ƙa'ida, mai mita 105 da 68, ƙwaya 8 ne kacal a wurinsa. A Sentinel-2, mai kaifin mita 10, filin ya zama ƙwaya 70. A NigeriaSat-2, mai mita 2.5, ya haura ƙwaya 1,100. A WorldView-3 na 'yan kasuwar Amurka, mai kusan santimita 30, ya doshi 80,000, har layukan fenti suna fitowa.

Ɗauki Adaidaita Sahu a matsayin ma'auni. A mita 10 babu ita sam. A mita 2.5 ba ta cika ƙwaya ɗaya ba, sai dai ta ɗan sauya launin titi. A santimita 30 za a ga wani abu rawaya mai siffar abin hawa, amma lambarta ba ta karantuwa, balle fuskar direba. Mutum a tsaye, in an kalle shi daga sama, faɗin kafaɗunsa kawai ake samu, ƙwaya ɗaya ko biyu.

Me ya sa ba a yi duka da kaifin santimita 30 ba? Taura biyu ba ta taunuwa. Tauraro ziri yake ɗauka yana tafe, kamar yadda masaƙi ke fitar da zirin saƙi kafin a ɗinke su su zama gwado, kuma duk sa'ad da aka ƙara kaifi sai zirin ya tsuke. Adadin ƙwayoyin da kyamara ke iya jerawa a layi yana da iyaka, haka ma yawan bayanan da za a iya turowa ƙasa. Zirin WorldView-3 kilomita 13 ne, bai ma kai daga sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke hanyar Gwarzo zuwa Mariri ba. Na NigeriaSat-2 a mafi kaifinsa kilomita 20. Landsat 185, Sentinel-2 kuma 290. NigeriaSat-1, mai kaifin mita 32, kilomita 600 yake sharewa a tafiya ɗaya, kusan rabin faɗin Najeriya.

Jiran dawowa

Cikin minti 99 da tauraro ke gama zagaye, duniya ta juya kusan digiri 25, wanda a ikwaita ya kai kimanin kilomita 2,750. In ya ratsa saman Kano yanzu, zagayensa na gaba ta gaɓar tekun Gini Bisau zai bi. Ka ɗauka mai garma ne ya yi kunya ɗaya, ya tsallake wurin kunya 15, ya sake yin wata, sai gobe da jibi ya riƙa dawowa yana cike giɓin. Landsat sai ya yi zagaye 233 cikin kwana 16 kafin ya komo kan kunyar farko. Sentinel-2, saboda zirinsa ya fi faɗi, zagaye 143 yake yi cikin kwana 10.

Hanya biyu ake rage jiran. Ta farko a ƙara yawansu: Landsat 8 na 2013 da Landsat 9 na 2021 suna bin sawun juna, sai jiran ya koma kwana 8, tagwayen Sentinel-2 kuma sun mayar da nasu kwana 5. Kamfanin Planet ya kai abin ƙarshe da tarin ƙananan taurari masu kaifin kusan mita 3, waɗanda a haɗe suke ɗaukar doron ƙasa kusan kullum. Ta biyu tauraron ya karkata jikinsa ya leƙa gefe, abin da NigeriaSat-2 da na 'yan kasuwa ke iyawa. Sai dai in ya juya ya kalli Zamfara, a wannan ratsawar bai kalli Jigawa ba, kuma dole a aika masa da umarnin tun kafin ya iso.

Wanda ya taɓa neman gidansu a Google Earth ya san wannan ba tare da an faɗa masa ba. Zai zuƙo unguwar, ya gane masallaci, ya bi lungu, ya tarar da gidan, sai ya ga bishiyar mangwaron da aka sare tuntuni tana nan da ganyenta, benen maƙwabci kuma ko tushe ba a haƙa ba. Hotunan haɗe-haɗe ne na lokuta daban-daban, an tsinto waɗanda babu gajimare a cikinsu an jera.

Gajimare, hazo da rada

Kwana 16 ko kwana 5 ɗin nan alkawari ne na ratsawa, ba na samun hoto mai amfani ba. A watan Agusta, lokacin da manomi da mai lura da ambaliya suka fi bukatar gani, lokacin ne gajimare ya fi rufe sama. Landsat ɗaya sau biyu zai zo a watan, in duka biyun ya tarar da lumshi, an tashi a tutar babu. Da hunturu kuma ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wadda kan hana jirage sauka a filin Malam Aminu Kano, tana dusashe hoto tana gurɓata launukan da ake aunawa.

Nan ne rada ke shigowa, kuma shi ya sa ɗaya daga cikin huɗun da aka sanar ya fi jan hankalin masana. Rada ba ta jiran rana. Ita ke harbo siginarta ƙasa a karkace, ta saurari abin da ya dawo. Siginar Sentinel-1, tauraron rada na Turai, mai tsawon zango (tazarar da ke tsakanin igiyar sigina da mai bi mata) kusan santimita 5.5, tana keta gajimare da ƙura, dare da rana duk ɗaya ne a wurinta. Ruwa mai kwance yana kawar da siginar gefe, sai ya fito baƙi ƙirin, gine-gine kuma suna mayar da ita da ƙarfi, su fito fari. Shi ya sa babu kamarta wajen zana iyakar ambaliya. Eriyar Sentinel-1 mita 12 ce, amma ana haɗa amsoshin da ta tara tana tafe, a lissafa su kamar daga wata doguwar eriya suka fito, da haka ake samun kaifi.

Rada ma da nata aibin. Hotonta ba irin wanda ido ya saba da shi ba ne, dabbare-dabbare yake, sai wanda ya koya yake karanta shi. Busasshen yashi mai laushi yakan fito baƙi kamar ruwa, abin da ke iya rikita mai aiki a ƙasar Sahel. Kuma gajeren zango irin wannan ba ya shiga can ƙarƙashin bishiyoyi masu duhu.

Taurarin Najeriya

An kafa NASRDA, hukumar harkokin sararin samaniya ta Najeriya, a 1999, hedikwatarta da tashar karɓar hotunanta suna Abuja, cibiyarta ta nazarin hotunan kuma tana Jos. NigeriaSat-1, wanda kamfanin Surrey na Ingila ya ƙera, an harba shi daga Plesetsk ta Rasha a watan Satumba na 2003. Nauyinsa bai wuce buhun masara ba, kimanin kilo 100. Ya shiga wani rukuni na sa ido kan bala'o'i tare da na Aljeriya, Turkiyya, Birtaniya, daga baya da Sin, inda suka jeru don a haɗe su iya ɗaukar wuri kullum. Yana cikin waɗanda suka fara ɗauko ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005. An tsara shi ya yi shekara 5, ya kai har 2012.

Ranar 17 ga Agusta, 2011, roka ɗaya ta ɗauki NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X daga Yasny, ita ma a Rasha. Na biyun, mai kaifin mita 22 da zirin kilomita 600, injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa shi a wurin horo a Ingila. NigeriaSat-2 shekara 7 aka ɗebar masa, wa'adin ya cika tun 2018. Tauraro yana tsufa kamar kowace na'ura: batirinsa na caji da saukewa sau 14 a kwana saboda shiga da fita inuwar duniya, man gyara hanyarsa na ƙarewa, ƙwayoyin da rana ke fesowa na cin kayan lantarkinsa, kuma babu bakaniken da zai hau ya duba.

Inda ra'ayi ya rabu

Masu goyon bayan mallakar tauraro suna kafa hujja da ikon kai. Ƙasar da ke sayen hoto layi take bi, mai sayarwa na iya fifita wani, ko gwamnatinsa ta hana shi sayarwa a lokacin rikici, kuma duk wurin da ka nemi a ɗauko maka ka tona abin da ke ranka. Suna ƙarawa da cewa ba a samun injiniyoyi sai da aikin yi, NigeriaSat-X shi ne shaidarsu.

Masu ja da hakan suna cewa lissafin ya sauya tun 2003. Amurka ta buɗe rumbun Landsat kyauta a 2008, hotunan Sentinel ma kyauta ne, masu kaifi sosai kuma ana sayensu gwargwadon bukata. Tauraro ɗaya ko huɗu ba za su ba da kallon kullum ba, bayan 'yan shekaru kuma a sake neman kuɗin wasu. A ganinsu gara a zuba kuɗin a horar da masu fassara hoto, da kwamfutoci, da wutar da za ta riƙe su.

A batun tsaro ne saɓanin ya fi zafi. Masu fata suna nuna abin da hoto ke iya fallasawa in aka jera na makonni: sabuwar hanyar babura a daji, sansanin da aka share, ƙauyen da aka ƙone, gonakin da aka daina nomawa, ramukan haƙar zinare. Duk wannan gaskiya ne, kuma yana taimaka wa mai tsara aiki. Masu taka-tsantsan suna tunatar da cewa ayarin babura da aka ɗauka da ƙarfe 11 na safe, kafin hoton ya sauko a tace shi ya isa hannun kwamanda, ya yi nisa, in ma an yi sa'a ba a ƙarƙashin bishiya yake ba. Bin sawun mai motsi aikin jirgi marar matuƙi ne, wanda ke iya shawagi wuri guda na sa'o'i, da bayanan mutanen yankin. Akwai kuma masu ra'ayi na uku, cewa ƙasashen Afirka su haɗa taurarinsu su yi karo-karo kamar yadda aka yi a rukunin 2003, musamman yanzu da Hukumar Sararin Samaniya ta Afirka ta buɗe a Masar a 2025.

Abin da ya shafi mutumin Kano

Manomi ne kan gaba. Kyamarorin nan suna auna hasken da ido ba ya gani. Sentinel-2 kala 13 yake rarrabewa. Lafiyayyen ganye yana shanye jan haske, ya mayar da wani haske da ke gaba da ja da ƙarfi, in ya fara jin ƙishi ko cuta sai wannan mayarwar ta ragu. Daga gwada biyun ake gane lafiyar shuka. A filayen noman rani na Kadawa, Kura da Bunkure, inda ruwan Tiga ke shayar da shinkafa, alkama da tumatir, kore yana fitowa sarai a tsakiyar busasshiyar ƙasa, ana iya auna hekta nawa aka noma da inda ruwa bai kai ba. Gonar damina ta fi wuya. Ƙarama ce, gero da dawa da wake da gyaɗa duk a kunya ɗaya, ga gawo a tsakiya wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, akasin sauran itatuwa. Ba a raba wannan daga sama sai an aika mutum gona ya tabbatar. Kiyasin amfanin gona da ake samu ta haka yana iya shafar shawarar gwamnati kan ajiyar abinci da tsarin inshorar manoma, daga nan kuma ya taɓa farashi a Dawanau.

Sai ruwa. Ana iya bin faɗin tafkin Tiga, wanda aka gama a 1974, da na Challawa na 1992, wata bayan wata, a ga yadda ruwa ke malala zuwa Wudil, Ringim da Haɗeja, yankin da ambaliyar 2022 ta yi wa ɓarna. Akwai yarjejeniyar ƙasa da ƙasa tun shekarar 2000 da ke ba ƙasar da bala'i ya afka wa hotuna kyauta, an kuma sha amfani da ita saboda ambaliyar Najeriya. A cikin birni, rumbun Landsat da ya faro daga 1972, duk da giɓin wasu shekaru, yana nuna kududdufan da aka cike aka yi gini a kansu, da yadda gari ya cinye gonakin gefensa. Hotuna masu kaifi kuma suna nuna inda aka ci Badala.

Harkar lafiya ta riga ta ɗanɗana. Daga wajen 2012, an yi amfani da hotunan tauraro wajen zana taswirar unguwanni da rugage a Kano da maƙwabtanta don rigakafin shan inna, aka gano matsugunan da taswirar hannu ta tsallake.

A batun filaye kuwa sai an yi hattara. Hukuma irin KANGIS, mai kula da bayanan filaye a jihar Kano, na iya amfani da hoto mai kaifi ta ƙirga gine-gine, ta ga wanda ya hau hanya ko magudanar ruwa, abin da ke nufin harajin fili zai fi wuyar kaucewa. Amma rikicin iyaka na taku biyu tsakanin maƙwabta ya fi ƙarfin hoton mita 10, wannan sai safiyo da shaidun unguwa.

Mai tsoron a leƙa masa gida, amsarsa tana cikin lissafin ƙwayoyin nan. Hoto mafi kaifi da ake sayarwa zai nuna fasalin tsakar gida, da bishiya, da tankin ruwa, da mota in akwai. Ba zai nuna wace ce ke shanya ba. Ta fuskar doka, ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 1986 ba su wajabta neman izinin ƙasa kafin a ɗauki hotonta daga sama ba, sun dai ce ita ma a ba ta damar samun hoton a farashi mai sauƙi.

Daga sama zuwa tebur

Ɗaukar hoto rabin aiki ne. Tauraro mai nisan kilomita 700 ba ya iya magana da tashar ƙasa sai yana saman sararinta, abin da kan ɗauki kimanin minti 10 a kowace ratsawa, kuma tasha irin ta Abuja, da ke kusa da ikwaita, sau kaɗan take samun haka a kwana. Shi ya sa manyan masu taurari ke hayar tashar Svalbard ta ƙasar Norwe, can kusa da ƙuryar arewa, wadda ke ganin duk zagaye 14 ɗin. Bayan saukowa sai a gyara karkatar hoton, a cire tasirin iska da ƙura, a ɗora shi daidai kan taswira, sannan mai fassara ya zauna a kansa.

Wannan matakin na ƙarshe a buɗe yake ga ɗalibin labarin ƙasa a Jami'ar Bayero ko ma'aikacin gona a Kura. Rajista a rumbun Copernicus na Turai ko na hukumar USGS ta Amurka kyauta ce, manhajar QGIS ta buɗe hotunan ita ma kyauta ce. Falle ɗaya na Sentinel-2, mai kimanin kilomita 100 tsawo da faɗi, yakan doshi gigabayit ɗaya, kuma mai son bin damina guda daga shuka zuwa girbi zai bukaci falle 20 ko fiye. Kuɗin data da cajin kwamfutar daga aljihunsa za su fito.